Kabad a Cikin Kwale-kwale

Shekarun da aka yanke Jigawa daga jikin Kano, mu kafintocin Dutse mun sha gata. Ma'aikata suka yi ta kwararowa da iyalansu, wannan na neman gado, wancan na neman kabad, ofisoshi kuma sai tebur mai durowa. Shagona yana bakin hanya, gindin wani dabino, zartona ba ya hutawa daga hantsi har la'asar. Kaina ya kumbura sosai a lokacin, ba zan ɓoye ba. In na saƙala fensir a bayan kunne na bi titi, gani nake duk garin ni ake kallo.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yaba aikina ba, wato surukina, mahaifin maiɗakina. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, a bakin Kogin Haɗeja. Gidansa na wannan gaɓa, fadamarsa ta albasa da tumatir na waccan, saboda haka kullum yana cikin ɗan kwale-kwalensa, shi da gorar tuƙi. Kowa ya san kunyar da ke tsakanin mutum da mijin 'yarsa, amma tamu ta yi yawa. In na je gaishe shi, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in tsuguna can nesa, ina kallon ƙasa, shi kuma yana kallon katanga. Shekara uku da aurena ban ga fuskarsa sosai ba. Ƙafafunsa kuwa, da za a jera mini na dattawan ƙauyen duka, ba zan yi kuskuren nasa ba.

Na taɓa yi masa kujera mai majingina, ya ce madalla, ya aika wa liman da ita. Na yi wa Inna, wato surukata, ɗan benci na tsakar gida, ya ce madalla. Na lura ko akuyarsa ce ta haihu, madallar nan dai ita ce, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Abin ya tsaya mini a rai. Manyan ma'aikata suna tsayar da mota su yaba hannuna, amma ni abin da nake so shi ne ranar da tsohon nan zai buɗe baki ya ce yaron nan ya iya aikinsa. Sau ɗaya ma ya ishe ni.

Wata rana maiɗakina ta dawo daga ganin gida, tana kwance ƙullin kuka da daddawa tana ba ni labari. Ta ce rediyon Baba ta mutu, ta faɗa cikin ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi. Ta ce ba ita kaɗai ba, goronsa, sallayarsa, har irin albasar da yake ji da shi, duk a ɗaure suke a leda suna yawo a ƙarƙashin ƙafarsa.

Na ce, "Ba shi da wurin ajiya a jirgin?"

Ta ce, "Wurin ajiya kuma? Maigida, jirgi ne fa, ba ɗakin amarya ba."

Tana rufe baki na ji dabara ta faɗo mini. Matsalar ɗaya ce, ban san girman jirgin ba, kuma ba zai yiwu in je in tsuguna gaban surukina in ce a ba ni awo ba. Sai na tambayi maiɗakina. Ta miƙa hannuwa biyu ta ce faɗinsa kamar haka, ta sake tunani ta ƙara buɗe su, sannan ta ce tana ƙarama dai su huɗu suke zama a ciki da tunkiya. Da wannan awon na fara aiki.

Ya kamata in faɗi wani abu a nan. Ni ɗan kan tudu ne, cikin duwatsu na tashi. Ruwan da na sani shi ne na rijiya da na buta. Ban taɓa shiga jirgi ba, ban iya iyo ba, kuma ban ga dalilin da zai sa wannan ya hana ni yi wa jirgi kaya ba. Katako dai katako ne, haka na gaya wa kaina.

Na zaɓo filawud mai kyau, irin falankin nan da ake manna shi hawa-hawa da gam, wanda muke yi wa manyan ofisoshi kabad da shi. Na ƙera abu mai tsayi har ƙugu, da ƙofa, da durowa biyu, da kanta a ciki. Na lulluɓe shi da famaika ruwan goro, fallen nan mai sheƙi da ake manna wa katako, na sa masa mariƙai masu ƙyalli da ɗan kwaɗo. Sai da na yi da gaske na hana kaina sa madubi. Maƙwabcina mai walda ya leƙo ya ce wane darakta ne ya yi odar wannan, na ce darakta ne na cikin ruwa.

Ƙarshen rani na ɗaure shi a bayan babur, na bi ta Jahun da Gujungu, na isa ƙauyen da azahar. Na yi sa'a, ko kuma na yi rashinta, kogi ya ja baya, an jawo jirgin Baba kan yashi ana toshe masa ramuka da kwalta. Baba yana masallaci. Wanda na tarar a bakin ruwa abokinsa ne, wani tsohon masunci da kowa ke kira Kawu, yana ɗinkin koma. Ya dubi kabad, ya dube ni, ya sake duban kabad.

Ya ce, "Ɗan Dutse, wannan a ina za a zauna da shi?"

Na ce, "A jirgin Baba, Kawu."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da ɗinkinsa, amma na ga kafaɗunsa suna motsi.

Duk kafintan gida ya san inda ake ajiye kabad. Ba a dasa shi a tsakiyar ɗaki ya tare wa mutane hanya, jikin bango ake jingina shi. Na duba jirgi, na ga bangonsa biyu ne, na dama da na hagu. Na zaɓi na dama don albarka. Na jingina kabad a nan, na buga masa ƙusoshi dogaye a jikin haƙarƙarin jirgin yadda ko iska ba za ta motsa shi ba. Na ja da baya na duba. Jirgi na zaune daram a kan yashi, kabad na tsaye cak, rana na haska famaika. Wallahi ya yi kyau.

Da Baba ya fito na tsuguna na gaishe shi. Na ga ƙafafunsa sun nufi jirgi, sun zagaya shi sau ɗaya, sun tsaya. Sun daɗe a tsaye. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Na ji an ƙara kalma huɗu a kan ta kullum, na koma Dutse ina waƙa a kan babur.

Damina ta sauka, kogi ya cika. Duk wanda ya zo daga wajen Ringim sai na tambaye shi labarin kabad, a ce yana nan a jirgi, Baba kullum da shi yake haye ruwa. Sai dai maiɗakina ta zo da wani labari daban. Ta ce dutsen niƙan Inna ya ɓata. Dutse ne da ta gada wurin mahaifiyarta, a kansa take niƙa gero da kayan yaji, ba ta yarda da inji ba, ta ce garinsa warin mai yake. Wata safiya aka tashi babu shi. Da ta tayar da hankali, Baba ya ce shi ya ba da aronsa. Wa ya ara, ya ƙi faɗa. Na yi dariya na ce tsofaffi dai sai a bar su, wa ke aron dutsen niƙa a wannan zamani.

Sai da kaka ta yi muka je gaba ɗaya. Na bar maiɗakina a cikin gida na gangara bakin kogi, don an ce Baba na shirin hayewa fadama. Na hango shi tsaye a ƙarshen jirgi da gora a hannu, Kawu kuma na gefe yana shanya koma. Na tsuguna na yi gaisuwa.

Kawu ya ce, "Ɗan Dutse, ai sai ka shiga ka ga aikin hannunka a kan ruwa."

Baba ya yi tari. Ya sake yin tari. Ni kuwa na ɗauka sanyin kogi ne.

Na naɗe wando na shiga, na juya wa Baba baya kamar yadda ya kamata. Abin da na fara gani ya sanyaya mini jiki. Famaikar nan ta ɗaɗɗago tana kaɗawa, gindin kabad ya sha ruwa ya kumbura, filawud ya rabu hawa-hawa kamar littafin da ya kwana a ruwan sama. Mariƙan sun yi tsatsa. Na ja durowa a ɓoye, ko motsi ba ta yi ba. Na ɗan saci kallon baya, sai ga sabuwar rediyo rataye a wuyan Baba cikin leda. Ashe ba abin da yake ajiyewa a ciki, ɗaukarsa kawai yake yi ya kai ya kawo.

Ya tura jirgi muka bar gaɓa. A ɓangaren hagu, daura da kabad, akwai wani buhu da aka naɗe wani abu mai nauyi a ciki, daidai inda zan sa ƙafa. Ni da na saba gyara ɗaki, na ga wannan ai shirgi ne a kan hanya. Na ce bari in yi abin kirki in matsar da shi gindin kabad, wuri ya yi fili. Na kama shi da hannu biyu, na yi bismilla, na jawo.

Abin da na ji na ƙarshe shi ne muryar Baba yana cewa, "A'a, kai!" Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mini kai tsaye ba gaisuwa ba. Jirgi ya kwanta dama a hankali, ruwa ya shigo, sama ta koma ƙasa.

Na sha ruwa, na yi salati, na kira mahaifiyata da ta daɗe da rasuwa. Ina ta dukan ruwa da hannu da ƙafa, na riga na yafe wa kowa, sai na ji an damƙi wuyan rigata an ɗaga. Baba ne. Ya ce, "Miƙe tsaye." Na miƙe. Ruwan iya ƙirji ne. Muka tsaya fuska da fuska, hularsa ta tafi, rediyo na lilo a wuyansa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ranar na fara ganin fuskar surukina, ashe yana da wushirya. Muka tuna ko mu su wane ne a lokaci ɗaya, kowa ya juya kai da sauri. Kawu kuwa yana can kan yashi ya kwanta, dariya ta hana shi tashi.

Da aka jawo jirgi gaɓa, Baba bai nemi hularsa ba. Komawa ya yi cikin ruwa yana laluben ƙasa da ƙafa. Kawu ya shiga ya taya shi, suka ciccibo buhun nan su biyu suna nishi. Bakinsa ya kwance, abin da ke ciki ya leƙo. Dutsen niƙan Inna ne, har ya fara gansakuka.

Sai a lokacin na gane. Tun ranar farko da aka tura jirgin ruwa, kabad ɗina ya rinjaye shi dama. Cire shi kuwa, a ce surukin mutum ya ɓamɓare kyautar mijin 'yarsa duk ƙauye na gani, Baba ba zai iya ba. Aiko mini da saƙo in zo in gyara, wannan ma cewa ne aikina bai yi ba. Ƙauyen kuma yashi ne da laka, ba dutse ko na jifan tsuntsu. Sai ya sace na matarsa ya ɗora a hagu. Wata biyar tsohon nan yana tura nauyin kabad da nauyin dutse a kan ruwan damina, safe da yamma, yana shan faɗan Inna a gida, don kada in ji kunya. Na zauna a kan yashi. Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na ranar ba.

Muka zauna shan rana mu uku, ni can baya. Can Baba ya juya wajen Kawu, ya ɗaga murya fiye da yadda zancen mutum biyu ke bukata.

Ya ce, "Ka tuna wani kafinta da muka taɓa gani can gabas, mai yi wa jirage akwati?"

Kawu ya ce, "Wanne? Au, wannan! Na tuna shi sarai." Ƙarya yake, har yanzu yana share hawayen dariya.

"Shi ai ba ya yin abu mai tsayi. Ya ce jirgi ba ya son kaya a sama, ƙasa-ƙasa yake so, kuma a tsakiya, ƙarƙashin katakon zama."

"Haka ya ce."

"Kuma ba ya huda jikin jirgi da ƙusa. A jikin katakon zama yake kama akwatin. Ya sa masa 'yan sanduna biyu a gindi ya ɗaga shi kaɗan, ruwa ya riƙa wucewa ta ƙasa, mai kwarfewa ya sami inda zai sa ƙwarya."

Na laluba bayan kunnena, kogi ya tafi da fensir. Na tsinci tsinke na fara zane a kan yashi.

Kawu ya ce, "Falankin nan na bature fa, ya yake yi da shi?"

Baba ya ce, "Ai ta baki yake shan ruwa. Duk inda zarto ya bi, sai ya shafe shi da fenti, ya bushe, ya sake, ya bushe, ya sake, ciki da waje. Gindin kuma kwalta. Ba durowa, ba ƙarfe mai ƙyalli. Murfi yake yi daga sama mai rufe baki kamar na tukunya, ya kama shi da yankin taya, mariƙin kuma igiya."

"Kai, mutumin nan ya san aiki."

"Ya sani. Amma shi ma an ce da fari sai da ya kifar da wani."

Kawu ya sake kwanciya. Ni dai ban ɗaga kai ba, amma na ji muryar Baba tana rawa a ƙarshen maganar, na san dariya yake dannewa.

Da yamma aka mayar wa Inna dutsenta. Baba ya ce mai aro ya dawo da shi. Ta dubi gansakukar, ta dubi rigata da ke shanye a kan igiya, ta ce wa 'yarta a gaya wa mai aron an gode, ya wanku sosai.

Mako biyu bayan nan na dawo da rabin filawud mai kauri, da gwangwanin fenti, da tef. Wannan karon na auna jirgin da kaina, sau uku, Kawu na riƙe mini bakin tef yana tsokanata. Na zare ƙusoshin da na buga, na toshe kowane rami da tsinken katako da kwalta. Kwana huɗu na yi a ƙauyen, mafi yawansu jiran fenti ya bushe. Abin da ya fito ɗan akwati ne gajere, shuɗi, ba ado ko ɗaya. Da a shagona ne, ɓoye shi zan yi a bayan ƙofa kada darakta ya gani.

Aka tura jirgi ruwa. Baba ya ɗebo ruwa a ƙwarya rabi, ya ɗora a kan katakon zama, ya ja baya yana kallo. Haka suke gane ko jirgi ya karkata. Ruwan ya tsaya daidai da bakin ƙwarya ta kowane gefe. Ya cire rediyo daga wuya, ya buɗe murfi, ya sa ta ciki, ya sa goro, ya sa sallaya, ya sa ƙullin irin albasa, ya rufe. Na tsuguna ina jira, kunnena a buɗe.

Ya ce, "Madalla."

Ya tura jirginsa ya haye. Na koma Dutse ba waƙa. Na gaya wa kaina ai daidai ne, wanda ya tsoma surukinsa a kogi ba shi da bakin neman yabo. Na cire rai, ko dai na ce na cire.

Bayan shekara biyu, wata ranar kasuwa, na kai maiɗakina gida na gangara bakin ruwa. Mashigin cike yake da masu kwandunan tumatir da masu jiran hayewa. Na tsaya bayan wani amalanken shanu ina jiran mutane su ragu in je gaisuwa. Wani baƙo mai jirgi, daga ganinsa ba ɗan yankin ba ne, yana tsugune a jirgin Baba yana buɗe akwatin yana rufewa, yana shafa bakin murfin da yatsa. Fentin ya koɗe, amma ko'ina lafiya lau.

Ya ce, "Baba, damina nawa wannan ya yi?"

"Biyu. Ko ashana ka sa a ciki, za ta kama."

"Wane ne ya yi maka? Ina son irinsa."

Baba ya ce, "Ɗana ne, yana Dutse. In aikin katako ne, ban ga mai hannunsa ba a ƙasar nan. Sai dai kada ka yarda ya shiga jirginka."

Aka kwashe da dariya. Baba 'ya'ya mata Allah ya ba shi, shida, ba namiji ko ɗaya, kuma duk mashigin an san haka. Ba wanda ya gyara masa.

Na daɗe a bayan amalanken nan ina yi kamar ina duba yadda aka haɗa katakonsa. Mai shanun har ya tambaye ni ko wani abu ya faɗa mini a ido, na ce ƙaiƙayi ne. Da na ga fuskata ta koma daidai, na fito, na tuɓe takalmi a kan yashi, na tsuguna can nesa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon ƙetaren kogi, ni kuma ina kallon ƙafafunsa.